Surukata ta ce in ci ɗanyar hanta saboda ƙarin jini

Maman Sadiq, Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata biyar, a wajen awo aka ce jinina ya yi ƙasa. Da Hajiya surukata ta ji sai ta aika Abbatuwa aka sayo hantar rago, ta yanka ƙanana, ta matsa lemon tsami ta barbaɗa yaji, ta ce in haɗiye haka, wai wuta ce ke kashe amfaninta. Sau biyu na ci don kunya. Tun jiya maƙogwarona ke ƙaiƙayi kamar wani abu ya maƙale. Gobe ma za ta kawo. Ya zan yi?

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki ƙara ci. Babban abin tsoro ga mai ciki shi ne ƙwayar toksoplasma da ke cikin ɗanyen nama. Ke ƙila ba za ki ji komai ba, amma tana iya ratsa mahaifa ta taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jariri, ko ta jawo ɓari. Ki koma asibiti gobe, ki faɗa wa likita gaskiyar abin da kika ci da ranar, kada ki sayi maganin tsutsa a kemis da kanki. Kuma ko dafaffiya ce, mai ciki ba ta yawaita hanta, sinadarin bitamin A ya yi mata yawa. Maganin ƙarin jinin da aka ba ki kina sha kuwa?

Malam Auwalu, likitan dabbobi: Da idona nake ganin hantar shanu da tumaki idan an tsaga jijiyoyinta, tsutsa ta fito shimfiɗe kamar ɗan ganye tana motsi. Wannan ma ana ganinta, mahauci ya yanke ya yar. Wadda ba a gani ita ce matsalar, irin tsutsar karnuka da kyanwa da dabba ke kwasa wajen kiwo. A jikin mutum takan yi yawo zuwa huhu da ido. Batun maƙogwaro kuma sananne ne a Sudan, wajen masu cin marara, wato ɗanyen kayan ciki da albasa da barkono. Lemon tsami da yaji ba sa kashe ko ɗaya. A dafa har jan tsakiya ya ɓace, sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini yana nan bai tafi ba.

Ummu Khadija: Mu dai kakarmu ta ci ranar layya har ta tsufa lafiya.

Anti Rabi: Allah Ya tsare ta ne, ba kowa ke dacewa ba.

Hajiya Binta, Gwammaja: 'Yata, kada ki yi musu da surukarki, don so take yi. Ki sa maigidan ya faɗa mata likita ne ya hana. Ki roƙe ta ta riƙa yi miki kwaɗon zogale da faten wake da alayyahu, za ta ji daɗi an sa ta a ciki.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai. Maganin kam na daina sha saboda tashin zuciya, amma zan faɗa musu gobe. Abban Sadiq ya ce zai biya wajen Hajiya bayan isha'i.