In ogan da za ka kai wa ƙara shi ne mai laifin, ina ka nufa?

Ƙaramin Akawu: Salam 'yan uwa. A ma'aikatarmu duk takardar koke sai ta bi ta hannun shugaban sashe kafin ta hau sama, to ni shugaban nawa ne matsalar, alawus ɗin tafiya yake dannewa, mu sa hannu a takarda wai mun karɓa alhali ko sisi ba mu gani ba. Wa ya taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi?

Nas ɗin Dare: Hmm ni dai na ɗanɗana. Shugabarmu 'yan gaban goshinta kawai take cire wa aikin dare, na rubuta koke ta hannunta kamar yadda doka ta ce, takarda ta shige durowa shiru kake ji, kwatsam sai ga takardar tuhuma wai ina makara, in ba da amsa cikin awa 72. Wallahi abin da ya cece ni kwafin kokena da na sa aka buga wa hatimi da kwanan wata a rajista, ranar zaman kwamiti na ajiye shi a tebur kowa ya ga wanne ya riga wanne.

Direban Kamfani: Ku na gwamnati ma kun ji daɗi. Mu ofishin kula da ma'aikata na kai ƙarar manaja kan kuɗin obataim, kafin in dawo gareji ya riga ya ji, ƙarshen wata aka ce kwantiragina ya ƙare. Lauya ya ce mu je kotun ma'aikata, ina kuɗin?

Baba Ɗan Fansho: Ɗana, cin kuɗi ne wannan, ba dole sai ta hannunsa ba. Duba ko ma'aikatarku na da ACTU, sashen yaƙi da rashawa da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke sa wa ido. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, tun 1975 take kuma kyauta ne, sai dai za su tambaye ka ko ka bi matakan cikin gida, kuma kar ka bari abin ya haura wata 12. Tsarin kwarmata bayanai na 2016 kam ana ta zuzuta ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, ni ban cika tura yaro can ba in ba shi da mai tsaya masa.

Malama Uwar Biyu: Mu dattijon ofis muka tura ya sami ogan namu a gida, ya biya mu a ɓoye, sababbin ɗauka kuma har yau yana danne musu nasu.

Ƙaramin Akawu: Na gode Baba. Mu shida abin ya shafa, biyu sun yarda su sa hannu a kan koken, sauran sun ce suna da iyali. Aunty Nas, rajistar tamu ƙanin matar ogan ne a ciki, in ya ƙi buga hatimin fa?