Jama'a murjanina sun ƙi buɗewa tunda hunturu ya shigo

Mai tambaya, Kubwa: Salamu alaikum yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina da tankin ruwan gishiri lita 120, wata biyar kenan, kifi biyu ne ciki irin masu ruwan lemo da zanen fari ɗin nan, sai murjani masu rai (halittun teku da ke manne a duwatsu) masu laushi guda huɗu da ciyawar nan mai kama da taliya da ake ce wa keto. Komai lafiya lau har sanyin nan ya shigo, kullum sai in ga ruwan ya ragu kamar lita biyu, ni kuma sai in haɗa ruwan gishiri in cika, yau sati uku, to yanzu murjanin sun tsuke sun ƙi buɗewa, kifin ma ba sa cin abinci kamar da. Ko ƙura ce? Madam har ta fara cewa da tarwaɗa na kiwata da yanzu mun sha farfesu.

Wani daga Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ba ƙura bace, kai ne ka yi musu yawa da hannunka. Iskar hunturu ruwa kawai take kwashewa, gishirin yana nan zaune bai je ko'ina ba. Ruwan teku giram 35 na gishiri ne a kowace lita, to kai kullum kana zuba lita biyu, giram 70 kenan, a sati uku ka ƙara kusan kilo ɗaya da rabi a kan wanda ke ciki. Kamar miya ce a wuta, tana ƙonewa kana ƙara mata gishiri. Kana da rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa? Auna ka faɗa mana, 1.025 ko 1.026 ya kamata ka gani.

Mai tambaya: Innalillahi. Na auna yanzu yallaɓai, 1.035 ya nuna. Bari in kwashe rabi in zuba ruwan famfo.

Na Gwarinpa: Kai tsaya!! Kar ka soma. Ruwan famfo akwai kilorin, kuma saukar da gishirin lokaci guda zai iya ƙarasa su. Kullum ka ɗebi lita uku ko huɗu ka mayar da ruwan RO (wanda na'ura ta tace shi tas) zalla marar gishiri, ya riƙa sauka kamar 0.001 a rana, kwana goma ka iso. Daga nan ka ja layi da alƙalamin maka a jikin gilas, duk safiya ka cika zuwa layin da ruwan RO. Ruwan gishiri sai ranar canjin ruwa kawai.

Wata daga Rayfield, Jos: Gaskiya ya faɗa ƙanina. Na bohol ma ban yarda da shi ba, sau da yawa akwai sinadaran naitret da fosfet ciki, masu ciyar da gansakuka, gansakuka ce za ta rufe maka duwatsu. Fiya wata kuwa ba ka san me suka tace ba. Ni nan Jos matsalata sanyi ne, Disamba da Janairu hita ba ta hutawa don ruwan ya tsaya 25, ku kuma naku tashin hankalin yana gaba, Maris da Afrilu. Murjani akwai wasu ƙananan halittu a naman jikinsa da suke ciyar da shi ta hasken fitila, in ruwa ya kai wajen 30 ya daɗe sai ya kore su ya koma fari fat. Ka tanadi ƙaramar fanka ta hura saman ruwan, amma ka sani ita ma ruwa take sha, cikon zai ƙaru.

Wani daga Lugbe: Ku ba ku yi maganar wuta ba. Nawa a dare ɗaya suka tafi, an ɗauke wuta famfon da ke juya ruwan tanki ya tsaya iska ta ƙare a ruwan. Fitila za ta iya jira, famfo ne ba ya jira, ka sa shi a inbata ko ka sayi mai hura iska na batir.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Hajiya, na gode yallaɓai. Keton fa, in cire?

Ta Rayfield: Bar shi, shi ke shanye naitret ɗin. In ya cika ka yage rabi ka zubar.