Littafin tsoho mai lambobin Loran: yaya zan mayar da su na GPS?

Bakano a Tampa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabcina a nan Fulorida tsohon masunci ne, ya haura shekara 80, gwiwa ta hana shi shiga teku. Bara ya sayar mini da ɗan jirginsa, ya haɗa mini da wani littafi da gishirin teku ya cinye gefensa. A ciki akwai wurare sama da 200 inda yake kama kifi, kowanne da lamba biyu, ɗaya ta fara da 14, ɗaya da 44, sai ɗan bayani da fensir: dutse, ko nutsattsen jirgi, ko zurfin ƙafa kaza. Ya ce na Loran ne. Na sa uku a wani shafin intanet mai juya lambobi, na ƙona mai na je, ƙasan fayau, yashi kawai. Littafin nan aikin shekara 30 ne na bawan Allah, ba na son ya lalace a hannuna. Ina na kuskure?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Lambobin nan ba latitud da longitud ba ne, lokaci ne. Loran-C tashoshin rediyo ne a ƙasa, babba ɗaya da mataimaka, na'urar jirgi kuma tana auna tazarar isowar siginarsu da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Lokacin da suke aiki, a yankinku rukunin tashoshi mai lamba 7980 ne. Babbar tashar tana Malone a Fulorida. Mai 14 ɗin nan ta Grangeville ce a Luwiziyana, wadda ake kira W, mai 44 kuma ta Jupiter ce, wato Y. In ka zaɓi wani rukuni ko wata mataimakiya a shafin intanet ɗin, lissafi zai kai ka wata duniya.

Ko ka zaɓa daidai ma da sauran rina a kaba. Siginar tana rage gudu idan ta ratsa tudu, ba kamar a kan ruwan gishiri ba, kuma ta Malone da ta Jupiter duk sai sun keta ƙasa kafin su iso gaɓarku. Shi ya sa Loran ta ƙware wajen mayar da mutum inda ya taɓa zuwa, cikin 'yan gomman mitoci, amma wajen faɗin ainihin inda wurin yake a taswira tana iya kaucewa har kusan mita 460. Tsohon bai damu da wannan ba, tunda da na'urar da ya rubuta da ita yake komawa. An kashe tashoshin Amurka a watan Fabrairun 2010, don haka ba sauran hanyar gwadawa kai tsaye.

Bagobiri Mai Fatsa:
Malam ya gama bayani, ni dabarar zan ƙara. Buɗe littafin ka nemi wurin da ba ya motsi kuma an san lambarsa ta GPS: nutsattsen jirgi da ke taswira, ko duwatsun da hukuma ta zuba wa kifi. Juya lambar tsohon, ka ga mita nawa ta kauce kuma ta wane gefe. Wannan bambancin shi za ka ɗora wa maƙwabtansa. Amma kada ka ɗauki gyaran bakin gaɓa ka kai shi mil 40 cikin teku, kowane yanki da nasa. Na'urorin Garmin da yawa suna da tsarin Loran TD, wato na lambobin tazarar lokacin nan, a ciki, da gurbin sa gyaran. In ka isa, jefa alama mai iyo, ka yi ta kewaya ta a hankali kana faɗaɗa da'ira, idonka a kan na'urar auna zurfi.

Yar Zinder:
Yaya, duba abu biyu kuma. GPS ɗinka ya kasance a tsarin awon taswira na WGS 84. Sannan ka lura ko shafin ya ba ka minti da ɗigo ne ko minti da daƙiƙa, domin tsakanin minti 30.50 da kuma minti 30 da daƙiƙa 50, tazarar a latitud ta fi mita 600. Kuma tunda Baba yana raye, ka je ka zauna da shi.

Bakano a Tampa:
Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar ƙanwata, na kai wa Baba shayi jiya. Ashe a shafukan ƙarshe, bayan shekarar 2000, ya rubuta wurare 11 da lambobin Loran da na GPS gefe da gefe, ni ban gane ba ne. Da su na fitar da gyara. Yau da asuba na koma wurin farko, a kewaye na uku dutsen ya fito a allo, tudu kamar rumbu, kifi sun yi masa rumfa. Na ɗauki hoton allon na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in buɗe shafi na 9, akwai wanda ya fi wannan.