Don Allah a taimaka min, motherboard ta ƙi tashi da Ryzen 5600G

Salamu alaikum 'yan uwa, ina nan Jidda, kwamfuta nake haɗa wa yara a gida don karatun Madrasati (manhajar karatu ta intanet ta makarantun Saudiyya) da ɗan aikin Word na uwargida, kuɗin da na ware duka riyal 1,300 ne. Na samu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G na hannu saboda yana da giraafik a cikinsa ba sai na sayi kati daban ba, sai mai shago ya haɗa ni da motherboard (bodin da ake ɗaura duk sassan kwamfuta a kai) samfurin B450 wai ai duk soket ɗin (mazaunin furosesa) AM4 ne. Na ɗaura komai, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, na cire RAM (memori) na mayar har sau uku, shiru. Wani ya ce sai an sabunta BIOS (manhajar cikin bodin da ke tayar da kwamfuta) kafin ya gane wannan furosesa, to ni ba ni da tsohon furosesa da zan kunna shi da shi in sabunta kuma bodin ba shi da maɓallin flashback (na sabunta BIOS ba tare da furosesa ba).

Yanzu in mayar da bodin in karɓi samfurin A520 ne, ko in ƙara kuɗi in ɗauki B550? Damuwata ramin RAM, ina son huɗu saboda gaba. Ƙaramar 'yata kullum sai ta tambaye ni Baba yaushe za ta kunnu, wallahi abin ya dame ni.