Wani abu ya tokare min a maƙogwaro, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata na biyar ke nan ina jin wani ƙululu a maƙogwarona, daidai ƙasan maƙoshi, kamar na haɗiyi ƙwayar magani ta tsaya a hanya. Ba ya ciwo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ina cin abinci ko shan ruwa sai ya ɓace, loma tana wucewa lafiya lau, amma da na gama na haɗiyi yawu sai ya dawo. Da dare ya fi matsa min. Har na kai ina tsayawa gaban madubi da fitilar waya ina leƙa bakina. Don Allah duk wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa min yadda ya ƙare, domin zuciyata ta fara raya min ciwon daji.

Tsohon malamin makaranta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ni na yi shekara biyu da shi. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya ce min sunansa "globus", kalmar Latin ce mai nufin dunƙule ko ƙwallo. Da yake ni mai son tone-tone ne, na bi tarihinsa. A da likitocin Turai suna kiransa globus hystericus, wai ciwon mata masu ruɗewa ne, sai a 1968 wani likita mai suna Malcomson ya kawo sunan globus pharyngeus, wanda ya jingina shi ga maƙogwaro kawai. Ga ni nan namiji da furfura, ya kama ni ya riƙe. Wannan da kika ce yana lafawa in kina cin abinci, ita ce alamar da ta fi kwantar wa likitana hankali, domin abin da ya toshe hanya da gaske, abinci yake tarewa, ba yawu ba. Duk da haka ki je a duba ki.

Mai ɗinki da dare:
Nawa ƙwannafi ne ya jawo shi, kuma abin mamaki ban taɓa jin zafin ƙirji ba ko sau ɗaya. Na yi musu da likita, na ce ni ba ni da olsa. Ya ce ba olsa yake nufi ba, ruwan ciki mai tsami ne ke tasowa har maƙogwaro, kuma fatar wurin ba ta da juriya irin ta bututun abinci, ɗan kaɗan ya ishe ta ta fusata. Da ya tambaye ni ko ina tashi da dusasshiyar murya da safe, ko ina yawan gyaran murya, sai na yi shiru don ya kama ni.

Ya rubuta min omeprazole, maganin rage tsamin ciki, na sati takwas, in sha minti talatin kafin in karya. Ya ce in bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, in ɗaga kan gadona kamar santimita 15 ta hanyar sa katako a ƙarƙashin ƙafafun gadon. Ni da farko filo uku na jera, ashe wannan wuya kawai yake lanƙwasawa, ya ƙara matse ciki. Sati uku na farko ban ga komai ba, har na kusa watsar da maganin. A sati na shida ne wata rana na lura na wuni ban tuna da maƙogwarona ba.

Direban dogon zango:
Ni kam maganin nan bai yi min komai ba, na sha wata biyu cur. Kada kowa ya ɗauka duk ƙwannafi ne.

Mai ɗinki da dare:
Gaskiyarka ɗan'uwa, ban ce na kowa ba ne. To kai me ya yi maka?

Direban dogon zango:
Na bar sigari, na rage kofi, kuma aka gano majina ce ke gangaro min daga bayan hanci. Maganin feshi na hanci aka ba ni. Ya ragu, bai tafi duka ba. Mun saba da juna dai.

Wadda ta rasa mahaifi:
Maman 'yan biyu, zan tambaye ki abin da ba wanda ya tambaye ni sai da na sha wahala: me ya faru a rayuwarki wata biyar da suka wuce? Ba sai kin amsa a nan ba.

Nawa ya fara ne sati biyu bayan rasuwar babanmu. Ni ce babba, ni ce mai rarrashin kowa, ban samu na yi kukana ba. Kin san ƙululun da ke tokare mutum in yana danne hawaye? To shi ne, sai dai nawa ya zauna wata bakwai. Akwai wata tsoka a saman bututun abinci da ke zama a tsuke, tana buɗewa ne kawai in za a haɗiye abu. Damuwa na iya sa tsokokin wurin su ƙara ɗaurewa, kamar yadda kafaɗa ke sandarewa in mutum yana cikin tashin hankali. Da aka fara ce min damuwa ce na ji haushi sosai, na ɗauka ana nufin ƙarya nake yi. Ba haka ba ne, ɗaurewar gaske ce, ana jin ta.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne gwaji. Kowane minti sai na haɗiyi yawu in ji ko yana nan. Bakin ya bushe, in haɗiyi iska, in yi gyaran murya, in yi kaki, wurin ya ƙara jin jiki, sai in ƙara gwadawa. Wata mai koyar da gyaran magana da haɗiya a asibiti ce ta raba ni da wannan. Ta ce duk lokacin da na ji zan yi gyaran murya, in kurɓi ruwa kaɗan maimakon haka. Ta koya min yin hamma da gangan, baki a buɗe sosai, sannan in sauke numfashi a hankali, da juya wuya da sassauta kafaɗu. Na ji kunyar yin hammar ƙarya a gaban mutane, sai nake shiga ɗaki. Ya yi aiki, amma a hankali, kuma har yau in raina ya ɓaci yana leƙowa ya gaishe ni.

Ma'aikaciyar jinya:
Na ji daɗin bayanan nan, amma bari in ja kunne, don wani zai karanta ya ce nasa ma damuwa ce ya zauna a gida. Idan abinci yana maƙalewa da gaske ko ana ƙwarewa, idan haɗiya tana zafi, idan ana ramewa ba dalili, idan murya ta dushe fiye da sati uku, idan akwai kumburi a wuya da hannu ke iya taɓawa, ko ciwon kunne ɓangare ɗaya da ya ƙi tafiya, ko jini a kaki, wannan ba na jira ba ne. Haka ma wanda ya daɗe yana shan sigari ko giya, ko wanda abin ke ƙaruwa kullum. Maƙoƙo ma yana iya danna wurin, shi ya sa likita ke shafa wuya.

Masu tsoron kyamarar da likita ke sakawa ta hanci don leƙa maƙogwaro kuma, siririn bututu ne mai laushi, ana iya fesa maganin kashe zafi tukuna, kuma 'yan mintuna ne kina zaune a kujera. Ni ma an yi min, hawaye kawai ya sa ni da atishawa.

Tsohon malamin makaranta:
Malama ta faɗi gaskiya. Ni ranar da likita ya juyo min da allon na ga maƙogwarona fes, rabin ƙululun a ofishinsa na bar shi.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je jiya. An saka kyamarar, ba a ga komai ba sai ɗan ja a bayan akwatin murya, an ba ni irin maganin da Mai ɗinki ta ambata, in koma bayan sati takwas. Yaya wadda ta rasa mahaifi, Allah ya jiƙan Baba. Tambayarki ta hana ni barci, domin wata biyar da suka wuce ne aka kwantar da ɗaya daga cikin 'yan biyun, kwana goma sha ɗaya ina zaune a gefen gadonsa. Ya warke sarai, ni ce dai ban sauke ba. Na ajiye gorar ruwa kusa da ni tun safe. Hammar nan sau nawa kike yi a rana?