Sa ekstenshan a tsohuwar kwamfuta, wa ya taɓa fama da shi?

Daga Nima: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi laftof a Sakul, cikin Accra, hannu na biyu, Windows 7 ke kanta, ram giga 4. Ina koyon yaren kwamfuta na Python da VS Code, manhajar rubuta kod, da kyar na samu siga ta 1.70 don ita ce ta ƙarshe da ke tafiya a Windows 7, to jiya na je kafe na sauke fayil ɗin vsix na ekstenshan ɗin (ƙarin manhaja da ake liƙa wa VS Code) na zuba a fulas na kawo gida, ina danna Install from VSIX sai ya ce wai bai dace da sigar da nake da ita ba. Duk wanda ya taɓa shiga wannan don Allah ya faɗi yadda ya fita.

Daga Mamobi: Wa alaikumus salam ƙanena. Sabon vsix ka ɗauko, shi ne matsalar, ni ma haka ta same ni bara. vsix ɗin nan zif ne kawai, canza masa suna zuwa .zip ka buɗe, cikin folda ɗin extension akwai package.json, nemi layin engines za ka ga mafi ƙarancin sigar da yake yarda da ita. Kai naka na tsakiyar 2022 ne, to nemi ekstenshan na wannan lokacin, da yawa suna ajiye tsofaffin a GitHub ɓangaren Releases. Kuma Python ɗin kansa kar ka wuce 3.8, daga 3.9 ba ya hawa Windows 7.

Daga Madina: Yaya, ni na gyara lambar engines ɗin nan da hannuna na sake naɗe fayil ɗin, ya shiga kam amma bai yi aiki ba, kullum kuskure yake nunawa don yana kiran abubuwan da tsohuwar sigar ba ta da su. Kwana biyu na ɓata. Kar kowa ya bi wannan hanyar.

Daga Sabon Zango: Tawa daban ce. A makarantar da nake koyar da yara muna da tsofaffin destof guda biyar da aka ba mu kyauta, Notepad++ muke amfani da shi wajen rubuta kod, babu filogin (wato ekstenshan ɗinsa) da ke sauka ko ɗaya, na zargi intanet na zargi data, ashe agogon kwamfutar ne ya koma shekarun baya saboda ɗan batirin madabod ya mutu, CR2032, mai kama da kwabo. In kwanan wata ya kauce, shaidar tsaron shafin ba ta karɓuwa, sai saukewa ta tsaya. Na canza batiri na saita agogo shi ke nan. Sannan ku kula, filogin na 64-bit ba ya aiki a Notepad++ na 32-bit, kuma tun siga ta 7.6 kowane dll, wato fayil ɗin filogin, sai an sa shi cikin folda mai sunansa a plugins.

Daga Fadama: Malam gaskiya ne batun agogon. Ni dai na gaji na goge Windows 7, tun Janairu 2020 aka daina masa gyaran tsaro ai, na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a madadinsa. Amma a lura, Ubuntu 18.04 na fara sawa, sai VS Code ya tsaya mini a 1.85 saboda glibc ɗinsa, wani ɓangaren tsarin da manhajoji ke dogara da shi, 2.27 ne, sabbin suna son 2.28. Sai da na koma Lubuntu 22.04, nau'in Ubuntu mara nauyi.

Daga Nima: Allah ya saka da alheri. Na buɗe package.json ɗin yanzu, lambar ta fi tawa nesa. Gobe in sha Allah zan koma kafe in ɗauko tsohon. Yayana na Fadama, Lubuntun nan giga 4 zai ɗauke shi lafiya?