Bagin da ta zo a haɗe daga kamfani: ta tsere ce ko ta wasa?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Kayan sun iso Kano jiya da yamma. Bagi ce, wato motar rimot ta gudu a kan ƙasa, mai girman kashi 1 cikin 8 na babbar mota, injin naitiro mai lamba .21, wato 3.5cc, irin wadda suke kira RTR, wato ta zo a haɗe, a shirye take ta gudu. Inji a ɗaure, tayoyi a manne, rimot a cikin kwali. Yau ni ma na shiga sahun masu motar tsere.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya kashe ƙwarin ba mai ita ba. Amma Baban Ummi ka rage murya wajen cewa motar tsere. Abin da ya zo a haɗe motar wasa ce da aka yi wa fentin tsere. Ta tsere kit ce: ledoji cike da kusoshi, ba inji, ba rimot, kai za ka zauna ka haɗa. Wanda bai haɗa motarsa da hannunsa ba bai san ta ba, wanda kuma bai san motarsa ba ba zai ci tsere ba. Shekaruna nawa ina zuwa filin kulob ɗinmu nan Ingila, ban taɓa ganin RTR a layin gaba ba.

Ɗan Auta: Tirƙashi. Ko shayi bai sha a kanta ba an rage mata daraja.

Baban Ummi: Haba Injiniya. Taya huɗu duk suna ja, akwatin raba juyi uku, gaba da tsakiya da baya, shokazoba masu mai, inji 3.5cc. Wanne ne taka take da shi wanda tawa ba ta da shi?

Injiniya: A takarda babu. A fili akwai. Kamfani idan zai ba ka mota da inji da rimot a kuɗin da bai kai na kit tsirara ba, to wani wuri ya rage. Wuraren kuma sanannu ne: sarbo mai juya sitiyari ba shi da ƙarfi ko sauri, ƙarfen shasi mai laushi ne, injin na jan igiya ne, tayoyin kuma na ko'ina ne, wato ba su dace da ko'ina ba. Araha ba ta ado. Sannan man da ke cikin akwatunan nan uku, ka san kaurinsa? Mu muna canza shi bisa yanayin ƙasar fili. Kai ko buɗe su ba ka taɓa yi ba.

Kawu: Ku dakata in tambaya, ni bakaniken babur ne, shekara talatin ina shan hayaƙi. Injiniya, babur ɗin da ɗan acaɓa yake hawa, shi ya ƙera shi? Amma bayan wata shida ya fi ni sanin kukan injinsa. Sanin inji daga lalacewa yake zuwa, ba daga ɗaure kusa ranar farko ba.

Injiniya: Kawu, da girmanka, ɗan acaɓa ba tsere yake ba. Bari in ba ka misali. Kyosho ta Japan ta ci kofin duniya na wannan aji sau shida a jere da motar Inferno, daga 1992 zuwa 2002, kuma bayan shekara bibbiyu ake gasar. Wanda ya ci na 2000 a Las Vegas shi ne Yuichi Kanai, mutumin da ya zana motar da kansa. Ka ga sanin ciki da bai.

Maman Khalifa: Sannunku da muhawara. Injiniya, misalinka yana da baki biyu. Ty Tessmann ɗan Kanada da ya ci kofin a 2014 a Italiya, mahaifinsa ne bakanikensa. A wasan ƙarshe na gasar IFMAR, hukumar tseren motocin rimot ta duniya, awa guda cur ake yi ana gudu, tankin kuma doka ta ce kada ya wuce 125cc, don haka duk bayan 'yan mintuna sai motar ta shigo an zuba mata mai. Direba yana can sama a kan dandamali riƙe da rimot, wani ne a ƙasa yake cafe motar, ya zuba mai, ya taɓa allurar kabireta idan da buƙata. Ashe ko a ƙololuwar abin ba dole hannun da ya ɗaure kusa ya zama shi ke tuƙi ba.

Injiniya: Hajiya, wannan gaskiya ce. Amma motar da uban ya haɗa kit ce, ba RTR ba.

Maman Khalifa: Na yarda. Ni abin da nake ja shi ne cewa da ka yi wanda bai haɗa ba bai sani ba. Mun saya wa Khalifa irin ta Baban Ummi a nan Dubai yana ɗan shekara 14. Satin farko ya daki bakin kwalta ya karya hannun taya na gaba. Wata na biyu sarbon sitiyari ya ƙone. Kafin shekara ta zagayo babu abin da bai kwance ba a motar nan, har ƙaramin kulocin da sifirin ɗinsa ke tsalle ya ɓace a kan kafet. Da kit muka saya masa da farko, da yanzu tana cikin kwali a saman wadirob, rabinta a haɗe. Yaro sai ya ga abu yana gudu kafin ya yarda ya sha wahalarsa.

Ɗan Auta: Kuma ita kanta Kyosho ai tana sayar da Inferno a haɗe, Readyset suke ce mata. Ko su ma ba su san tsere ba?

Injiniya: Sun san tsere, sun kuma san kasuwa. Tun da kamfanin Traxxas ya fito da T-Maxx a 1999, babbar motar naitiro a haɗe mai tashi da maɓalli, kowane kamfani ya gane inda kuɗi yake. Ban ce laifi ba ne. Na ce a kira abu da sunansa.

Kawu: To ni yanzu ku bar batun kusoshi. Wane mai take sha? Na ji ana ta naitiro naitiro. Ba fetur ba ne?

Injiniya: Ko kusa, Kawu. Idan aka zuba fetur ba za ta tashi ba. Haɗi ne na metanol da naitirometen, shi naitirometen ɗin yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da man shafawa, ko na zurma ko na kamfani. Fulogin ma ba mai tartsatsi ba ne irin na babur. Wata 'yar waya ce mai sinadarin filatinam a ciki, a ɗora mata batir ta yi ja, inji ya tashi, a cire batirin, zafin ƙonewa da metanol su ci gaba da riƙe ta da wuta. Ba kwayil, ba magneto.

Kawu: Ikon Allah. Inji kamar kwalin ashana.

Injiniya: Yana wuce juyi 30,000 a minti. Kuma a nan ne ma kalmar RTR take yaudara, don ma'anarta wai a shirye take ta gudu. Babu injin naitiro da yake a shirye. Silindar a tsuke take daga sama, fistin yana cijewa idan inji yana sanyi, sai ya ɗau zafi ta buɗe. Dole a hore shi tanki bayan tanki, mai a wadace, gudu kaɗan-kaɗan, a bar shi ya huce fistin yana ƙasa. Wanda ya fito da shi daga kwali ya danne totur, ya gama da shi a rana ɗaya.

Maman Khalifa: To ka ga kai da bakinka ka kawo mu gida. Wannan horon, da murɗa allurar sama da ta ƙasa, da sauraron kukan inji, da duba ko hayaƙi yana fita, duk mai kit da mai RTR darasi ɗaya suke zama. Babu kamfanin da zai saita maka allura daga Japan ta dace da zafin Dubai da rana tsaka. Wahalar naitiro a kabireta take. Haɗa shasi kuwa bin littafi ne shafi bayan shafi, kwana biyu an gama.

Injiniya: Kwana biyu ga wanda ya iya. Amma na ba ki wannan: allura ta fi kusa wahala.

Baban Ummi: Jama'a ana ta yanka mini mota ni ko tayar da ita ban yi ba. Matsalata ma daban. Mai aiko min ya ce jirgi ba ya ɗaukar man, abu ne mai kama wuta. Mota ta iso, mai bai iso ba.

Ɗan Auta: Hahaha. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yaya, tun farko na ce ka sayi mai batir. Ka caja, ka ɗora, ka tafi. Ba hayaƙi, ba maƙwabta su fito suna tambaya wa ya kunna injin markaɗe.

Baban Ummi: A caja da wace wutar? Kuma ƙarar nan da warin man su na saya.

Kawu: Babu wadda take shan fetur ɗin gidan mai ne?

Injiniya: Akwai, masu girman 1 cikin 5, irin HPI Baja 5B da ta fito a 2006 da inji 23cc. Fetur da baƙin mai ake haɗawa kamar ƙaramin janareta. A gaskiya ga mazaunin Kano ita ta fi sauƙin ciyarwa, kuma ita ma a haɗe ta zo. Sai dai wani aji ne daban, ga girma ga tsada.

Kawu: Wannan ko ni zan iya gyara ta.

Injiniya: Baban Ummi, tunda ka riga ka saya, ga abin da zan ce. Kada wani ya ruɗe ka ka haɗa mai da kanka da sinadarin da ba ka san asalinsa ba. Metanol guba ne, yana makantarwa, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake gani. Idan man ya samu ka rufe jarkar sosai don yana zuƙar danshi, kuma kada ka kwana da mai a tanki. Soson filtar iska ka jiƙa shi da mansa, ka sayi na canji da yawa, ƙurar hunturu idan ta shiga silinda kamar sanfefa take ci. Sarbon sitiyari ka canza shi kafin ya ba ka kunya. Amma ra'ayina yana nan: ranar da ka canza sarbo da taya da inji, ka lissafa kuɗin, ka gaya min ko ba kit ka saya a hankali ba.

Maman Khalifa: A hankali ɗin ai shi ne amfanin. Kuma a ranar ya san kowace kusa.

Baban Ummi: Na ji. Yanzu dai wa ya san mai kwantena da zai taso daga Dubai cikin watan nan? Galan biyu nake so, kashi 20, da fulogi huɗu.

Maman Khalifa: Bari Baban Khalifa ya dawo in tambaye shi. Amma ka fara duba littafin injin ka turo mana wane irin fulogi yake ɗauka, don ba duka ke shiga ba.